Hoton Almuru Daga Tsakar Gida

 

Yau maganarmu a kan wayar nan ce da ke hannunki. Yawancinmu ba ma ɗaukar komai da ita sai biki da suna, ko kayan da muke sayarwa. To ni so nake ki ɗaga ta sama, ki ɗauki gari a lokacin da ya fi kyau, wato daga faɗuwar rana zuwa shigowar duhu. Wata za ta ce, "Yo ni da nake cikin kulle, ina na ga gari?" Ai katanga ba ta rufe samaniya ba. Daga bakin madafa kina hango kan kuka ko ɗorawar bayan gida, ga rumbu, ga kan dawa ya leƙo ta saman danga. Ɗanki da ke ci-rani a Legas, ko 'yarki da aka aurar Kaduna, irin wannan ne suke kewa, ba fuskarki kaɗai ba.

Sai dai lokacin gajere ne ƙwarai. A nan ƙasarmu rana takan faɗi tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, kuma da yake muna kusa da tsakiyar duniya, kusan a tsaye take nutsewa. Daga faɗuwarta zuwa lokacin da gani zai fara wuya minti 20 ne da 'yan kai. Mutanen Ingila sukan sami fiye da minti 40 a watan Yuni. Ga shi kuma namu ya faɗo daidai lokacin da tuwo ke kan wuta, ladan na kira. Salla dai ita ce gaba, ba a jinkirta magariba don hoto. Abin daɗin shi ne, launin ma ba ya nuna sosai sai rana ta yi kamar minti 10 da ɓacewa. Kina sallamewa, ki fito ki dubi yamma.

Jan nan da kike gani, wanda malamai ke kira shafaƙi, hasken rana ne da ya ratso iska mai nisa, shuɗin cikinsa ya watse a hanya, ja da ruwan goro suka iso. Shi ya sa ba kowane wata ake dacewa ba. A ganina babu kamar ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba: ruwa ya wanke iska, ga sauran gajimare da zai kama launi. Da hunturu kuwa hazo kan shanye ranar tun ba ta kai ƙasa ba, ta zama kamar farin faifai. Wannan ma hoto ne, musamman in kuka ta zubar da ganye ta tsaya a gabanta.

Yanzu ga yadda na'urar take aiki. Kin taɓa lura da 'yar ƙofar da ƙusa ta bari a rufin kwano, yadda take jefo haske zagayayye a daɓe? Siffar ranar ce da kanta ta shigo. Wani masani, Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana abin da ke waje. Kalmar kyamara ma asalinta "ɗaki" take nufi. To idon wayarki irin wannan kafa ce, an sa mata gilashi. Da almuru haske kaɗan ne, don haka sai ta daɗe a buɗe kafin ta tara abin da zai ishe ta. In hannunki ya motsa a wannan ɗan tsakani, hoto ya dagule. Maganinsa sauƙi ne. Ki kifa turmi, ki jingina wayar a kai da ɗan dutse ko kofi, ki sa mata agogon daƙiƙa 3, ki janye hannu. In wayarki na da tsarin hoton dare, wanda galibi alamar jinjirin wata ke nuna shi, ki kunna, ki bar ta ta gama ƙirgarta. Fitilar waya kuwa kashe ta, haskenta ba ya wuce taku kaɗan, sai dai ya haska miki katanga da sauro. Kafin komai kuma ki goge gilashin da gefen zane mai laushi. Hannun da ya taɓa man gyaɗa shi ke taɓa waya, kuma wannan maiƙon ya fi ɓata mana hoto fiye da arhar wayar.

In kin juya bayan Tecno ko Infinix za ki ga idanu biyu ko uku, a wasu wayoyin kuma fuskar kan nuna 0.5 da 1 da 2. Na 0.5 yana kwaso fili mai faɗi, amma komai sai ya ƙanƙance, kuma ba shi da ƙarfi a duhu. Na 1 shi ne babban ido, shi ya fi shan haske, shi nake ba ki shawara da almuru. Jawo abu da yatsu biyu kuwa, a yawancin wayoyinmu yanka hoton kawai ake yi a buɗa shi, sai ya fito da tsaki-tsaki. Gara ki matsa da ƙafa.

Sai abin da zan kira zurfin gani, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki. Ɗaga yatsarki a gaban fuska ki zuba mata ido. Katangar da ke bayanta ta yi dishi-dishi, ko? Yanzu dubi katangar, sai yatsar ta dushe. Haka kyamara take, akwai iyakar nisan da take iya fitarwa tar a lokaci guda. Masu manyan kyamarori sukan tsuke kafar hasken, su sa ta a lamba 8 ko 11, don na kusa da na nesa su fito tare, sannan su kafa kyamarar a kan ƙafa uku saboda hasken ya ragu. Yawancin wayoyi ba a iya tsuke musu kafa, amma da yake idonsu ƙarami ne, duk abin da ya kai taku uku ko huɗu daga gare ki zai fito tare da na can nesa. Matsalar takan zo ne in kin sa abu dab da waya, kamar reshen zogale ko igiyar shanya. Sai wayar ta kama shi ta saki samaniya. Ki ja baya, ki taɓa fuskar wayar daidai kan bishiyar ko rumbun da kike so. In kuma kika taɓa wajen da ya fi haske, ƙasa za ta yi baƙi, launin sama ya fito, bishiya ta tsaya kamar zanen lalle. Yawanci wannan ya fi kyau.

Akwai kuma waɗanda ke da gonar gado ko gayauna, wani ke noma musu, su ba sa zuwa. Yaya, ki riƙa aika babban yaro da waya ya ɗauko miki ita. Amma hoton duba gona daban yake da hoton sha'awa. Ya je da la'asar sakaliya, ya ba rana baya, ya tsaya a kan iyaka ya ɗauki faɗin gonar da ido na 1, sannan ya matso ya ɗauki ganye. A nan za ki ga ko masara ta yi ɗorawa don ƙarancin taki, ko wuta-wuta ta fito a cikin dawa, ko auduga ta fara fashewa. In ya fuskanci yamma, baƙin kara kawai zai kawo miki. Kuma ya dawo gida kafin kiran salla. Mun san halin da hanyoyin gona suke ciki a wasu sassan yankinmu, kuma dama can ba a barin yara waje da magariba.

Wadda gidansu ke da soro, in ta hau da iznin maigida, ta kiyaye kada tsakar gidan maƙwabta ya shiga hoton, hakkinsu ne. In za ki tura ta WhatsApp, ki sani yana matse hoto, jan nan mai laushi sai ya fito layi-layi. Ki ce yaro ya nuna miki yadda ake tura shi a matsayin takarda, zai ɗan fi cin data amma zai isa yadda kika ɗauka.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida yara, a huta lafiya.