Jirgi Na Wuce Mu, Tumatir Na Ruɓewa

Iyayena dattawa da 'yan'uwana manoman Kura, Bunkure da Garun Malam. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Duk wanda ya taɓa raka alhaji ya san filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. To, ku sani a Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a 1925. A 1936 jiragen Ingila suka soma jigilar mutane da wasiƙu ta nan. Babu filin da ya girme shi a Nijeriya. Daga bakin gonarka zuwa ƙofarsa kuwa ba a yin awa biyu a mota.

Mu kuma Allah ya ba mu ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, Kadawa ba ta san hutun rani ba: ga alkama, ga shinkafa, ga albasa, ga tumatir. Amma me ke faruwa idan kaya ya nuna? Kowa ya tsinka rana ɗaya, a cika Kwanar Gafan da kwanduna, ɗan kasuwa ya taya yadda ya ga dama. Ka ƙi sayarwa, jibi ka zubar. Wanda aka loda wa babbar mota zuwa Ikko kuwa, kafin ya isa na ƙasan kwando ya zama ruwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan!

Ku dubi Kenya. Manomi kan tsinki ɗanyen wake ko fure, a sa a ɗakin sanyi, jirgi ya ɗauka daga Nairobi, a wayi gari kayan na Turai. Ba su fi mu ƙasar noma ba, ba su fi mu ƙwazo ba. Shiri suka fi mu.

Filin jirgi a hannun Gwamnatin Tarayya yake. Saboda haka zaɓen nan ya shafe shi. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku yi masa tambaya uku. Yaushe za a gina mana ɗakin sanyi a Kadawa? Wa zai gyara hanyoyin da ke fitowa daga gonaki zuwa titin Zariya? Wane shiri ya yi don jirgin kaya ya riƙa ɗaukar amfanin manomi daga Kano?

Idan ya kawo amsa, ku riƙe ta, ku tuna masa bayan zaɓe. Idan ya miƙo atamfa da sabulu maimakon amsa, ku tuna sabulu wanki biyu ne, ƙuri'a kuwa shekara huɗu ce.

Ranar zaɓe a fito da wuri, maza da mata, kowa da katinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai riba.