Kalsiyom, ƙarfen da ke cikin alli da ƙashi



Ku dubi allin da malaminku ke rubutu da shi. Ku dubi ɓawon ƙwai, da farar ƙasa ta shafen ɗaki. Ku taɓa haƙoranku. Duk abu guda ne a cikinsu. Sunansa kalsiyom. Mu faɗa tare: kal-si-yom.

Kalsiyom ƙarfe ne. Lambarsa 20 a jerin sinadarai. Fari ne, yana ƙyalli kamar azurfa. Yana da laushi, har wuƙa na iya yankan shi. Baƙin ƙarfe ya fi shi nauyi sau 5. Yana narkewa in zafi ya kai digiri 842. In ya kama wuta, harshenta ja ne kamar jan bulo.

To, me ya sa ba mu taɓa ganin shi a kasuwar maƙera ba? Don ba ya zama shi kaɗai. In iska ta taɓa shi, sai ya dushe. In an jefa shi cikin ruwa, sai ruwan ya yi ta kumfa, ya yi zafi. Saboda haka kullum a haɗe yake da wani abu. Sai a 1808 wani masani na Ingila, Humphry Davy, ya raba shi da sauran da ƙarfin lantarki.

Ku gwada a gida. Ku daka ɓawon ƙwai, ku matsa lemun tsami a kai. Za ku ga ƴan kumfa suna tashi. Haka tsami ke cin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, cikin jihar Tawa. In an ƙona dutsen nan aka zuba mashi ruwa, yana zafi ƙwarai, yana ƙuna. Magina, ku tsare idanunku. In ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita.

Yanzu mu koma ga jikinmu. Babban mutum yana ɗauke da kalsiyom wajen kilo 1, kuma kashi 99 cikin 100 yana cikin ƙashi da haƙora. Jiki ba ya yin shi, sai daga abinci. In abinci ya gaza, jiki ya kan ɗebo daga ƙashi, kamar mai gidan da ke cin iri daga rumbu. Ƙashi ya yi rauni ke nan. Yaro mai girma, mace mai ciki da mai goyo, su ne abin kula. A ba su nono, miyar kuka, zogale, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙaya. Iyaye mata, kada a kai nono duka kasuwa, a rage na yara.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta abinci 3 masu kalsiyom da ke garinsu, ya nuna ma malami.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.