Jawabin Yaye Kuratan 'Yan Sanda a Kwalejin Kaduna



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nufe mu da ganin wannan rana, ina so ku sani, 'ya'yana kurata, aikin da kuka shiga yau daɗaɗɗe ne, domin tun kafin a haɗe rundunar Arewa da ta Kudu a 1930 akwai dogarai a fadar sarakuna, sannan aka yi 'yan dokan En'e, kuma tun daga wancan zamani har yau talaka bai taɓa auna mai sanda da kaurin damtsensa ba, sai da adalcinsa.

Fareti da gudu da sarrafa bindiga, waɗanda kuka sha wahalarsu a filin nan, su ne farkon karatu. Bayansu kuna bukatar ido mai firasa, wanda zai lura da abin da sauran jama'a suka wuce ba su gani ba. Da alƙalami mai gaskiya, domin abin da kurtu ya rubuta a littafinsa na aljihu, da rana da sa'a da sunan shaida, shi alƙali zai duba bayan shekara ya ɗaure mutum ko ya sake shi. Da harshe mai taushi, wanda zai raba faɗan kasuwa tun bai zama fitina ba. Da haƙuri, wanda zai riƙe hannunku sa'ad da aka zage ku alhali kuna da ikon ramawa.

Ku kuma san haddinku. Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a gurfanar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa, dokar 'yan sanda ta 2020 kuwa ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Beli kyauta ne, kuma duk wanda ya miƙa hannu ya karɓi rashawa a shingen hanya, ya sayar da mutuncinsa da na rundunar gaba ɗaya.

Wanda ya shigo caji ofis yana kuka, ko mai rawani ne ko ɗan dako, amana ce Allah ya ɗora muku, kuma za a tambaye ku a kanta ranar hisabi.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga zalunci da azzalumai, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.