BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: DUBA DA GYARAN DOLE A KAN JIRAGEN SAMA



Kafin in ce kome, wajibi ne in gode wa shugabannin wannan ƙungiya tamu saboda damar da suka ba ni ta tsayawa a gabanku yau. Ni ɗalibi ne kamar kowa a nan, abin da na kawo muku kuwa na tattaro shi ne daga rahotannin da hukumomi suka fitar bayan binciken haɗarin jiragen sama. Na zaɓi wannan batu ne domin kowace shekara dubban iyayenmu da kakanninmu sukan hau jirgi daga Kano da Sakkwato da Kaduna da Maiduguri su nufi ƙasa mai tsarki. Mukan raka su filin jirgi, mu yi musu addu'a, mu juyo gida, ba tare da mun taɓa tambayar wanda ya duba jirgin da suka shiga ba.

Malam Shugaba, bari in fara da abin da kowa ya sani. Idan mota ta lalace tsakanin Zariya da Funtuwa, direba yakan gangara gefen hanya, fasinjoji su sauka su nemi inuwa, yaron mota ya shiga ƙarƙashi da sifana. Iyakar hasarar ita ce ɓata lokaci. To, jirgin da ke tafiya ƙafa 35,000 daga ƙasa ba shi da gefen hanya. Duk gyaran da za a yi masa tilas a gama shi tun yana ƙasa. Wannan shi ya sa dokar duba jirgi ta fi ta kowane abin hawa tsanani.

Duban nan iri biyu ne. Na farko shi ne wanda aka tsara tun ranar da jirgin ya fito daga masana'anta. Kafin kowane tashi matuƙi ko makaniki yakan zagaya jirgin ya duba tayoyi da fukafukai da injuna. Bayan 'yan ɗaruruwan awoyi na tafiya akan yi masa duba na ƙwarai a cikin rumfar gyara. Kamar kowace shekara biyu akan ajiye shi a bincike shi sosai, sa'an nan bayan shekara 6 zuwa 10 akan kwance shi kusan ɗungurungum, a cire kujeru da rufin ciki, a bi ƙarfen jikinsa ana neman tsatsa da tsaga. Wannan aiki yakan ci makonni da yawa.

Iri na biyu, wanda shi ne ainihin maganata, shi ne gyaran dole. Wani aibi ba ya bayyana sai jirgi ya shekara da shekaru yana aiki. Idan aka gano irin wannan aibi a jirgi ɗaya, to ana kyautata zaton yana nan a jikin sauran 'yan'uwansa da aka ƙera a kan tsari ɗaya. Bisa Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta kafa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, nauyin sanar da duniya yana kan ƙasar da aka zana tsarin jirgin. Saboda haka hukumar FAA ta Amurka ita ke fitar da umarni a kan jiragen Boeing, hukumar EASA ta Turai kuwa a kan na Airbus. Takardar umarnin takan faɗi jiragen da abin ya shafa, da aibin da aka gano, da aikin da za a yi, da wa'adin da aka ɗiba. Idan abin ya yi tsanani, wa'adin shi ne kafin tashi na gaba. Daga nan sai ƙasar da jirgin ke da rajista a cikinta ta tabbatar an bi. A Nijeriya wannan aikin hukumar NCAA ne, wadda aka kafa a 1999. Jirgin da wa'adinsa ya cika ba a yi masa aikin ba, doka ta hana shi tashi, ko da kuwa injinsa lafiya lau yake.

Wani zai ce, me ya kawo tilas a ciki? Ashe kamfanin da ya ƙera jirgi ba zai ba da shawara a bi ba? Amsar tana cikin labarin jirgin DC-10. A ranar 12 ga Yuni 1972, ƙofar ɗakin kaya ta wani jirgin American Airlines ta ɓalle a sama, jim kaɗan bayan ya tashi daga Ditiroit. Iskar da aka matse a cikin jirgin ta fita da ƙarfi, daɓen da fasinjoji ke zaune a kai ya rufta, wayoyin da matuƙi ke sarrafa wutsiyar jirgin da su suka lalace. Da ƙyar matuƙin ya sauke shi, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Masu bincike suka gano cewa ana iya rufe ƙofar ta yi kamar ta kulle alhali sakatarta ba ta shiga ba. Maimakon a fitar da umarnin dole, sai shugaban FAA na lokacin da manyan kamfanin McDonnell Douglas suka daidaita a tsakaninsu cewa kamfanin zai aika da takardun shawara kawai.

Ba a cika shekara biyu ba, ranar 3 ga Maris 1974, irin wannan ƙofa ta ɓalle daga jirgin Turkish Airlines da ya tashi daga Faris zuwa Landan. Jirgin ya faɗa cikin wani daji a arewacin Faris, mutum 346 suka halaka, babu wanda ya tsira. Da aka bincika sai aka tarar takardun jirgin sun nuna an yi wa ƙofar gyaran da aka ba da shawara, alhali wani ɓangare na gyaran ba a yi shi ba. Daɗin daɗawa, ma'aikacin da ya rufe ƙofar bai iya karanta harsunan da aka rubuta gargaɗin da su ba. Sai bayan wannan ne aka mai da gyaran ya zama dole. Jama'a, ku lura da kyau: an san aibin tun 1972, an kuma san maganinsa. Abin da aka rasa shi ne hukumar da za ta tsaya ta ce tilas.

Ba sassan ƙarfe kaɗai ke jawo haɗari ba, har da wutar lantarki. A cikin babban jirgi akwai wayoyin da tsawonsu ya kai kilomita ɗari da ɗoriya, suna bi ta ƙarƙashin daɓe da cikin fukafukai, zafi da sanyi da girgiza suna cin rigarsu a hankali. A ranar 17 ga Yuli 1996 wani Boeing 747 na kamfanin TWA ya tarwatse a sama 'yan mintoci bayan ya tashi daga New York, mutum 230 suka rasu. Bayan binciken shekara huɗu, hukuma ta yanke cewa tururin mai ne ya kama a tankin tsakiya, kuma mafi rinjayen zato shi ne wayoyi ne suka haɗu a wajen tankin, wuta mai ƙarfi ta bi ta wayar ma'aunin mai ta shiga ciki. Wannan ya jawo umarni da yawa na duba wayoyi da famfunan mai, kuma a 2008 Amurka ta kafa dokar rage haɗarin kamawar tankuna, abin da ya sa ake cika sararin da ke saman mai da iskar naitirojin, wadda wuta ba ta ci a cikinta.

Haka kuma a Janairun 2013, da batiran sabon jirgin Boeing 787 suka ƙone har sau biyu cikin kwana tara, ɗaya a Boston ɗaya a Japan, sai aka dakatar da dukkan jiragen wannan samfuri a duniya har wata uku, sai da aka sake wa batirin tsari aka sa shi a akwatin ƙarfe. Kamfanoni sun yi hasarar kuɗi mai yawa, amma ba a rasa rai ba. Wannan shi ne bambancin 2013 da 1974.

Malam Shugaba, yanzu bari in dawo gida, ga abin da ya taɓa mu kai tsaye. Yawancinmu a wannan ɗaki ba a haife mu ba a 1991, amma ku tambayi dattawan Sakkwato da kewaye, za su gaya muku. A ranar 11 ga Yulin wannan shekara, da safe, wani jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka ɗauko haya yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato. Akwai fasinja 247 da ma'aikata 14 a cikinsa. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. An auna su kwana huɗu kafin nan an ga haka, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna an sauya alƙaluman da ke cikin takarda. A safiyar tafiyar ma makaniki ya nemi naitirojin don ya ƙara wa tayoyin, ba a samu nan take ba, jami'in kamfanin da ke kula da jigilar kuwa ya ƙi yarda a jinkirta.

Taya mai ƙarancin iska takan bar wa 'yar'uwarta nauyi. Jirgin na cikin gudu a kan titin tashi sai taya ɗaya ta fashe, ta biyu ta bi ta, ƙarfen ya riƙa gurzar ƙasa har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin babu na'urar da za ta faɗa musu a wannan wuri. Da suka tashi sai suka naɗe ƙafafun jirgin kamar yadda aka saba, wato suka shigar da wutar cikin cikinsa, inda bututun man haidurolik da wayoyin lantarki suke. Wutar ta cinye daɓen da alhazai ke zaune a kai. Matuƙan suka juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi saura kamar kilomita 3 ya kai titin sauka. Duk mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ya karɓi aikinsu. 'Yan'uwa, iskar taya ce fa, aikin da mai faci a bakin tasha ke gamawa kafin ka gama gaisawa da shi.

Na san za a ce da ni ajali ne, kuma wanda kwanansa ya ƙare babu makanikin da zai tsare shi. Ban musa ba. Amma yarda da ƙaddara ba ta ɗauke wa mai sakaci alhakinsa, kuma babu malamin da ya taɓa koya mana cewa tawakkali shi ne a ga ɓaraka a rufe ido. Na san kuma za a ce gyara yana da tsada, kayan gyara da dala ake sayensu, jirgin da ke ajiye kuwa ba ya kawo ko kwabo. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa ba a bar wa mai jirgi zaɓi ba. Mutumin da bashi ya sha masa kai, idan aka bar shi ya yanke wa kansa ranar gyara, kullum gobe zai ce. A shekarar 2000 wani jirgin Alaska Airlines ya faɗa teku kusa da Kalifoniya da mutum 88, saboda zaren notin wani dogon ƙarfe mai kama da jak ɗin mota, wanda ke ɗaga wutsiyar jirgin, ya cinye don rashin giris. Kamfanin ya yi ta tsawaita lokacin da ke tsakanin shafa giris ɗaya da na gaba, hukuma kuwa ba ta hana ba. Ke nan ita ma hukumar tana bukatar mai sa mata ido.

To, mu ɗalibai mene ne namu a ciki? Abu na farko, mu gyara halinmu na fasinjoji. Na taɓa zama a wani filin jirgi aka ce an jinkirta tashi saboda ana duba wata matsala, sai na ga manyan mutane sun taso wa ma'aikata da zagi, wani har yana cewa a lallaɓa a tafi haka nan. Irin wannan matsin lamba shi ne ke sa jami'i ya ƙi jiran naitirojin. Mu nemi haƙƙinmu na abinci da masauki idan an jinkirta mu, amma kada bakinmu ya zama sanadin da za a sallami jirgin da makaniki bai gamsu da shi ba.

Abu na biyu, waɗansunmu gobe su ne injiniyoyi, waɗansu za su bi ta Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda ke horar da matuƙa da makanikai tun da aka kafa ta a 1964, waɗansu kuma su ne za su zauna a ofisoshin da ake ba da kwangilar jigilar alhazai. Kowane ɗayanmu wata rana za a miƙo masa takarda a ce ya sa hannu a kan aikin da bai gani da idonsa ba. A haɗarin Faris da na Jidda duka, takarda ta faɗi abin da ba haka yake ba, kuma hannun mutum ne ya rubuta ta. Ɗalibin da ya saba kwafe sakamakon gwajin da bai yi ba a ɗakin gwaje-gwaje, ya riga ya fara koyon wannan hali tun daga nan.

Abu na uku, mu koyi tambaya. Hukumar NSIB, wadda doka ta ɗora wa binciken haɗarurruka a Nijeriya tun 2022, takan buga rahotanninta kowa ya karanta. Ina ba wannan ƙungiya shawara ta riƙa fassara muhimman abubuwan da ke cikinsu zuwa Hausa tana bugawa a wannan mujalla tamu, domin maniyyacin da ya tara kuɗin kujera shekara goma yana da haƙƙin ya san abin da aka gano da abin da aka gyara, cikin harshen da yake ji.

Malam Shugaba, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon duk wanda Allah ya ɗora wa alhakin sa hannu a cikinmu ya tuna da alhazan Sakkwato 247 kafin ya ɗauki alƙalami.