Jawabi bisa zancen sa yara koyon sana'a

(Wani ɗan ƙungiya, mai gareji a Maraɗi, shi ya yi wannan jawabi a taronmu na bayan Sallah, a ƙofar gidan Maigari. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa.)

Iyayena dattawa, da ƴan'uwa da suka taso daga Yamai, da Damagaram, da Tawa, da Kano, da Kwatano, ina yi muku barka da Sallah da barka da hanya. An ba ni fili in yi magana bisa samarin garin nan. Ni ba mushe ba ne, bakanike ne, to in na yi tuntuɓe a gyara mani.

Jiya da dare na zaga gari. Daga bakin kasuwa zuwa tsohuwar rijiya na wuce fada huɗu, kowace cike da yara ƴan shekara 14 zuwa 18, ana dafa shayi ana kallon salula. Ban ga laifinsu ba. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau gida nawa ke cin ta? An raba, an sake rabawa. Aikin damina wata huɗu ne, sauran wata takwas fa? Na zauna na sha shayinsu, na tambaye su inda suka nufa in an gama girbi. Wanga ya ce Jado, wancan ya ce Aljeriya, wani Libiya. Tun da zancen zinariya ya tashi a Jado a 2014 kuna ganin yadda yara ke kwarara arewa, kuna kuma jin labarin waɗanda ake saukewa a iyaka su ƙarasa Asamaka da ƙafa. Babu ko ɗaya cikinsu da ya ce mani zai je ya koyi wani aiki.

Ci-rani ba abin kunya ba ne, mu duka da muka zo taron nan ƴan ci-rani ne. Amma wanda ya fita da sana'a a hannu da wanda ya fita da ƙarfinsa kaɗai ba ɗaya suke ba. Mai ƙarfi dako zai yi, ko ga-ruwa, ko haƙa rami, ran da baya ya ƙage kuwa ya dawo gida da abin da ya tafi da shi.

Bari in ba ku labarina, don wasunku ba a haife su ba lokacin. A 1984, shekarar El Buhari, da rumbuna suka ƙare, mahaifina ya kama hannuna ya kai ni Maraɗi wurin wani mai gareji. Ya ce masa "ga yaro nan, amana", ya juya. Bai yi don ƙi ba, baki ɗaya ya rage cikin gida. Shekara uku na yi ina wanke ƙarfe da kananzir, ina sayo wa manya abinci, ina ɗebo wa uwargida ruwa. Ban taɓa kwance komai ba. Cikin gawar wata mota nake kwana. Sai ran nan kawuna ya biyo daga Kano, ya zauna bisa benci, ya miƙa wa maigida goro, suka gaisa, sannan ya ce: "Maigida, me yaron nan ya iya yanzu?" Maigida ya yi shiru. Ba a cika kwana bakwai ba ya sa ni kwance birki, yana tsaye a kaina. Mutumin ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, a hannunsa na iya abin da nake ci da shi har yau. Abin da ya faru, ya ga babu mai tambaya.

Yau ni ma ina da aparanti, kuma gaskiya ɗaya ce, zan faɗe ta a gaban Liman. Yaron da ubansa ko wansa ke leƙowa, shi hannuna ke fara kira in aiki mai kyau ya shigo. Wanda aka yar mani aka tafi, shi ake aike. Ba na son haka, amma haka zuciya take. Don haka maganata ta yau a kanmu take, mu manya. Kai yaro wurin maigida somin aiki ne, sauran aikin na wuyanmu har ran da za a yaye shi.

Iyayena dattawa, ku yi mani haƙuri da wannan. Sau da yawa in an ce a sa yaro walda, sai uba ya ce "ƙira ba gadonmu ba ce". In an ce aikin fata, ya ce mu ba dukawa ba ne, mu ba majema ba ne. Na san inda maganar ta fito, kowace sana'a da gidanta, da sarkinta, kuma ba raina wannan nake ba. Amma ku gaya mani gidan da ya gaji gyaran salula. Wa ya gaji ɗaura sola bisa rufin kwano? A watan Agusta na 2023, da aka yanke wutar da ke zo mana daga Nijeriya, birane suka kwana cikin duhu, masu iya haɗa faranti da batir ba su samu lokacin zama ba. Injin ban-ruwa ya cika fadamu, daga Jiratawa har gonakin albasa na Galmi, in ya lalace sai a ɗaure shi bisa babur a kai birni. Babur ɗin kansa, gari nawa ne ba su da mai gyaransa? Wannan kuɗi ne ke fita daga garinmu kullum. Uban da ya hana ɗansa riƙe guduma don kunya, bai hana shi shiga ramin zinariya ba.

Kada kuma mu zaɓa wa yaro da ka. Wani hannunsa na ƙarfe ne, wani na katako, wani na allura. Ku da ke birni, in lakkol ta ba da hutu, ko an gama aikin gona, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya riƙe shi kwana goma. Na Yamai ya kai shi Katako ya ga masu narka ƙarfe suna zuba tukwane, ya kai shi Wadata wurin masu aikin hannu. Na Damagaram ya zaga da shi wurin majema da masu walda. Ka dube shi, inda ya tsaya ya ƙi tafiya, yana tambaya, to nan ne. Kuma kada gari duka ya zama tela. Tela biyar a ƙauye ɗaya, sai lokacin Sallah suke ganin aiki.

Hanya biyu ce. Akwai ta maigida, wadda na bi. Akwai ta gwamnati, wadda da yawa cikinmu ba su san da ita ba. A komin-komin akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake ce ma CFM, suna karɓar yaran da suka bar lakkol da waɗanda ba su shiga ba, maza da mata. Wanda ya gama firamare akwai kwalejin fasaha, CET. Wanda ya ci jarrabawar BEPC yana iya neman lise ta fasaha da ke Maraɗi. Akwai kuma asusun gwamnati mai suna FAFPA, wanda aikinsa shi ne taimaka wa horon sana'a da koyon aiki wurin masu sana'a. A tambaya a ofishin komin, a je kuma a duba da ido ko akwai kayan aiki a wurin kafin a sa yaro. Amfanin wannan hanya takarda ce. Manyan ma'aikatu irin matatar mai ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, in za su ɗauki mai walda ko mai aikin wuta, takarda suke fara tambaya. Ni na fi son yaro ya haɗa biyun, cibiya ta ba shi lissafi da takarda, gareji ya ba shi hannu da sanin mutane.

In wurin maigida za a kai shi, ga abin da nake roƙo. Da farko dokar aiki ta ƙasarmu ta 2012 ta hana a ɗauki yaro aiki, ko da aparanti ne, bai kai shekara 14 ba. Dokar tana da gaskiya, ɗan shekara goma ba ya koyon komai a gareji sai zagi. Sannan kada uba ya je shi kaɗai. Ya je da mutum biyu ƴan ƙungiya, a zauna a yi magana a fili: shekara nawa za a yi, wa ke ciyarwa, ina yaro zai kwana, in ya yi ciwo ko ƙarfe ya yanke shi wa zai kai shi likita, za a sake shi ya zo noma da damina ko a'a. A rubuta, ko da ajami ne. Mun saba jin nauyin irin wannan magana, muna cewa ai amana ce. To rashin yin ta shi ke ɓata zumunci daga baya. Zancen kwana kada a yi masa wasa. Yaron da ke kwana a tasha ko a gareji, can yake haɗuwa da masu ba shi tramol, su ce maganin gajiya ne. Na ga yara masu hannu mai kyau da ƙwaya ta lalata. Ya kwana gidan ɗan garinmu, a ga shigarsa da fitarsa, ya yi salla, ya ci gaba da karatunsa da dare. Wanda bai iya awo da lissafi ba, ko ya iya aiki, mai kaya zai cuce shi.

Ƴan mata ban manta da su ba, iyaye mata da ke bayan zana ku ji. Yarinyar da ta shiga ɗakinta da keken ɗinki, kuma ta iya shi, ba sai ta jira kuɗin da ke zuwa daga Abijan ba kafin ta sai wa ɗanta magani.

Saura zancen yaye, kuma nan ne muke faɗuwa. Yaro ya yi shekara huɗu ko biyar, ya iya, an yi masa addu'a, amma ba shi da ko sufana ɗaya tasa. Sai ya zauna wurin maigida yana karɓar na goro, ko ya yi fushi ya hau motar Agadas, aikin shekara biyar ya tafi a banza. Mun iya tara kuɗin gyaran masallaci, mun iya na rijiya. Ina ba da shawara kowane ɗan ƙungiya da ke birni ya riƙa zuba dala ɗari a wata cikin asusu dabam, na kayan aiki kaɗai. Wanda aka yaye a saya masa kaya, kada a ba shi kuɗi a hannu. Ya biya sannu-sannu, kuma in ya kafu ya ɗauki yaro ɗaya na garin nan ya koya masa. A kowane birni a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa leƙa yaranmu sau ɗaya a wata, ya zauna bisa benci ya yi tambayar da kawuna ya yi.

Ni na ɗauki Maraɗi, kuma ina da wurin yaro biyu a garejina bayan girbi. Iyayen da ke da yaro su ba sakatare sunansa da shekarunsa kafin baƙi su watse jibi. Na Yamai da na Damagaram su faɗa mana yau wanda suka tsayar.