Shin Ƙarin Gudun Intanet a Gida Yana Biyan Kuɗin Sabulu?

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, Sabo, Ibadan

  

An umarce ni da in yi bayani a kan wata tambaya da ta yi ta zuwa ofishin ƙungiya. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da na data a watan Janairun 2025, magidanta suke kuka. Ga kuma yara sun tasa mu gaba, wai fim yana tsaitsayawa, sai an sayi intanet mai gudu sosai. To, in an ƙara kuɗin, kallon zai gyaru? Amsa a taƙaice ita ce: zai gyaru zuwa wani matsayi, daga nan kuma sai asara.

Da farko mu san ma'auni. Gudun intanet ana auna shi ne da megabit a kowace daƙiƙa, wanda muke ce wa mega. Kamfanin YouTube da kansa ya faɗi abin da bidiyonsa yake bukata: hoto matsakaici, wato 480p, mega 1.1, 720p mega 2.5, hoto tangaran na 1080p mega 5, sai 4K mega 20. Netflix kuwa mega 5 ya ce don 1080p, mega 15 don 4K. Kun ga ke nan mai kallon wa'azi ko fim ɗin Kannywood a wayarsa, mega 5 ta ishe shi har da rara.

Dalili kuwa shi ne, wayar ba ta kwaso fim gaba ɗaya. Gutsure-gutsure take ɗebowa, ta tara na 'yan daƙiƙu a gaba, sai ta tsaya ta jira ka kalla. Kamar randa ce a tsakar gida. In ta cika, ko famfon ya fi haka ƙarfi, ba inda ruwan zai shiga. Wanda ya sayi mega 100 don mutum ɗaya ya kalli 1080p, ya biya kuɗin mega 95 da suke zaune ba aikin fari ba na baƙi.

Akwai ma wani abu da ya fi wannan ciwo. Da zarar wayar ta ga hanya a buɗe, da kanta take ɗaga ingancin hoto, data kuma ta riƙa zuba. Mu yi lissafi tare. Megabit 8 ne suke ba da megabait 1. Awa ɗaya a kan 480p tana cin kimanin rabin giga. A kan 1080p ta haura giga 2. A kan 4K kuwa giga 9 ne cur. Shi ya sa wani zai ce tun da ya koma layi mai gudu datarsa ba ta kai ƙarshen wata. Alhaji, ba wanda ya sace maka, hoton ne ya ƙara nauyi, alhali a kan fuskar waya 'yar tafin hannu da ƙyar ido yake gane bambancin.

Sai maganar buɗe shafuka. A nan abin da ya fi tasiri shi ne jinkirin amsa, wato lokacin da saƙonka yake ɗauka ya je ya dawo. 'Yan goro da 'yan shanu sun fi kowa sanin wannan. Ko an faɗaɗa titi ya zama layi shida, nisan Ibadan zuwa Kano yana nan yadda yake. Faɗin titi yana ba tireloli da yawa damar wucewa tare, amma direba sai ya ci tafiyarsa. Saƙo daga Legas zuwa Landan ya dawo yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma shafi guda yakan yi wannan kai-komo sau da yawa kafin ya gama buɗewa. Wani injiniyan Google, Mike Belshe, ya gwada wannan a 2010, ya nuna cewa daga an wuce mega 5 ƙarin gudu kaɗan yake rage lokacin buɗe shafi, amma rage jinkirin amsa kullum yana taimakawa. A 2019 ma jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta yi bincike tare da jami'o'in Princeton da Chicago, suka gano gidajen da suke biyan gudu mai yawa ɗan kaɗan suke amfani da shi wajen kallo.

Kuma mu tuna intanet ɗinmu ta ƙarƙashin teku yake shigowa. Wayoyin MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, Equiano ta Google ta sauka Legas a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 da wasu wayoyin suka lalace a yankin tekun Kwadibuwa, mai mega 10 da mai mega 100 duk tare suka sha wuya.

To, su wa ƙarin gudu yake yi wa amfani? Na ɗaya, gida mai jama'a. In mutum huɗu suna kallon 1080p lokaci guda, mega 20 ke nan, sai a ƙara kaɗan don masu WhatsApp. Na biyu, 'yan'uwanmu masu shagon tura fina-finai. Fim mai giga 1 yana ɗaukar minti 13 da ɗoriya a kan mega 10, amma daƙiƙa 80 kacal a kan mega 100. Wannan jari ne, ya cancanta. Na uku, masu ɗora karatu ko tallar kaya a Facebook da YouTube, su kuma gudun turawa ya kamata su tambaya, don yakan gaza na saukewa nesa ba kusa ba.

Amma kiran bidiyo zuwa gida Arewa fa? In Hajiya tana ƙauyen da sabis yake rawa, ko ka sayi mega dubu hoto sai ya daskare, domin igiya a inda ta fi rauni take tsinkewa.

Saboda haka ina ba da shawara, kafin kowa ya ƙara ko sisi, ya yi abu huɗu. Ya buɗe Speedtest ya auna gudunsa da safe, ya sake aunawa bayan Isha'i lokacin da unguwa duk ta hau layi. In da safe lafiya lau da dare kuma ya faɗi, cunkoso ne a turken sabis, kuma babban tsari a kan turke ɗaya ba lallai ya raba ka da shi ba. Ya fito da na'urar wayifai daga bayan talabijin ko ƙuryar ɗaki, ya sa ta a sama a tsakiyar gida, don bangon siminti yana cinye ƙarfinta. Ya canza lambar sirri, don wani lokaci rabin layin ne suke sha tare da kai. Sannan ya saita wayoyin yara a kan 480p. In bayan duk wannan fim yana tsayawa, to a ƙara, amma daidai ruwa daidai tsaki.

Mu baƙi ne masu nema a ƙasar mutane, kowace naira tana da mai jiranta a gida, ga haya ga kuɗin makaranta. Kada ɗan talla ya ruɗe mu da manyan lambobi. Duk wanda yake son a auna masa, matasanmu suna ofishin ƙungiya bayan La'asar, kuma kyauta ne.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya yi wa nemanmu albarka. Wassalamu alaikum.