Aikin Kwamfuta Kashi-Kashi Ne: Jawabi Ga Iyaye Da Matasan Ikkilisiya

(Jawabin da jami'in raya karkara na ofishinmu ya gabatar a taron iyaye da matasa na ikkilisiyoyin ƙauyukan kewayen Dutse.)



A wannan zamani iyaye da yawa suna sayar da buhun riɗi, ko gero, ko akuya, domin su tura yaro "koyon kwamfuta". Niyyar tana da kyau. Amma in ka tambayi uban wane aiki yaron zai yi in ya gama, sai ya ce, "Ai kwamfuta ce." 'Yan'uwa, kamar mutum ne ya ce ɗansa zai yi aikin asibiti. A asibiti akwai likita, akwai nas, akwai mai ba da magani, akwai mai gwajin jini, kowa da irin karatunsa da yawan shekarunsa. Haka aikin kwamfuta yake. Kafin a fid da kuɗi, a san matakin da aka nufa.

Mu mutanen Jigawa ba baƙi ba ne a wannan fanni. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka buɗe makarantar kwamfuta ta Kazaure da aka fi sani da Informatics, aka kuma kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse. A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, a shekarar kuma aka kafa NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa. A 2019 aka naɗa ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, shugabanta. Tun 2015 kuwa da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ke nan ko likita yaro yake so ya zama, sai ya bi ta gaban wannan na'ura.

Bari in kasa ayyukan kashi huɗu.

Na ɗaya, aikin bugu da shigar da bayanai. Shi ne buga takardu, cika fom ta intanet, yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, da ajiye lissafi a ofis ko shago. Wata uku zuwa shida ya isa a koya, in ana taɓa na'urar kullum. Wannan ƙofar shiga ce. Masu yin sa sun yi yawa, don haka ribarsa ba ta da yawa, sai an haɗa da wani abu, kamar sana'ar POS.

Na biyu, aikin gyara da haɗa kaya: gyaran waya da kwamfuta, jan wayar intanet a ofisoshi, haɗa sola da batir. Wannan sana'ar hannu ce, a wurin maigida ake koyonta, kamar yadda yara suke koyo a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Yaron da jarrabawa ba ta yi masa kyau ba amma hannunsa na da basira, a nan zai ci abinci. Ku duba wayoyin da ke cikin aljihunmu yau. In ɗaya ta lalace, sai an hau mota zuwa Dutse ko Birnin Kudu. Me zai hana mai gyaran ya zama ɗan ƙauyenmu?

Na uku, kula da na'urori da rumbun bayanai na ma'aikata, kamar banki, asibiti, makaranta ko sakatariyar gwamnati. A nan ana neman takardar difloma ko digiri. Hanyar ita ce kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, sannan JAMB. Difloma ta ND shekara 2 ce, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki, sai HND shekara 2. Digiri a kimiyyar kwamfuta shekara 4 ne. Ba sai an je nesa ba: akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, akwai ta tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011.

Na huɗu, rubuta manhaja, wato umarnin da ke sa na'ura ta yi aiki, tare da tsaron bayanai daga ɓarayin intanet. Wannan ya fi kawo kuɗi, har mutum yana iya yi wa kamfanin Legas ko na ƙetare aiki daga ɗakinsa. Amma yana bukatar Lissafi, Turanci, kwamfuta ta kansa, wuta, da haƙurin shekaru. Duk wanda ya ce zai mai da ɗanka injiniyan manhaja cikin wata uku, kuɗinka yake so.

Saboda haka, iyaye, kafin ku biya, ku je makarantar da ƙafarku. Ku ƙirga kwamfutocin da suke aiki, ku ƙirga ɗalibai. Ku tambaya ko akwai janareta ko sola. Ku nemi a nuna muku waɗanda suka gama bara, da abin da suke yi yanzu. In difloma suka ce suna bayarwa, ku tambaya ko hukumar NBTE ta amince da su. Takarda mai ado ba ta gyara waya.

Iyayenmu mata, kada a bar 'yan mata a baya. Wannan aiki ba na ƙarfin ƙirji ba ne. Yarinyar da ta iya lissafin adashin zumunta za ta iya koyon lissafi a kwamfuta.

Ku kuma matasa, ga gargaɗi. Mai wannan aiki amana yake riƙewa. Tsohuwa za ta miƙa maka katinta na banki da lambar sirri domin ba ta iya karatu ba. Wani zai ba ka lambarsa ta NIN ko BVN. Abokai za su nuna maka hanyar damfara ta intanet, su ce wayo ne. Sata ce a gaban Allah, laifi ne kuma a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015. Manzo Bulus da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa, bai ji kunyar aikin hannu ba. Ka fara daga matakin da ƙarfin gidanku ya kai, ka riƙa tarawa, ka hau na gaba.

Ina roƙon kowace majalisar ikkilisiya ta rubuta sunayen yaran da suka gama sakandare, da sakamakonsu, da kashin da kowannensu ya fi dacewa da shi cikin huɗun nan, ta kawo ofishinmu mu zauna tare da iyayensu mu yi shawara kafin kaka, lokacin da kuɗin amfanin gona yake shigowa hannu.

Ubangiji ya sa wa yaranmu albarka, ya ba mu hikimar bi da su.